Wutar da Ba Ta Mutu Ba: Haɗarin Janareta, Inbata da Sola a Lokacin Gyaran Lantarki

Daga cikin buƙatun da kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya suka fi yawan gabatar mana akwai ta wutar lantarki. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne ga kowa. Wutar gari ba ta tsayawa, zafin bazara ba ya sassauci, lasifika tana son wuta sau biyar a rana, injin burtsatse kuma shi ne ke cika tankin alwala. Masu bayar da gudummawa sun amsa wannan kira gwargwadon ikonsu: wani ya sayi janareta, wani ya kawo inbata da batura, wani ya rufe saman masallaci da farantan sola. Muna yi musu godiya, muna kuma roƙa musu sakamako mafi alheri.

Sai dai wannan alheri ya zo da wani nauyi da ya kamata mu yi bayaninsa a fili. Ginin da a da wuta take shigarsa ta ƙofa ɗaya, yanzu tana shigarsa ta ƙofa uku ko huɗu. Mai gyaran da ya rufe ƙofa ɗaya ya sa hannu a waya yana zaton ta mutu, yana iya rasa ransa ta dalilin ƙofar da bai san da ita ba. Mun ware wannan sashe na rahoton bana domin bayyana yadda hakan ke faruwa, da abin da ya rataya a wuyan kwamiti da mai bayarwa don kauce masa.

Abin da ya sauya

A tsohon tsari, raba gini da wuta abu ne mai sauƙi. Waya tana saukowa daga falwaya, ta bi ta fiyus da mita, ta shiga akwatin rarraba wuta. Idan mai gyara ya zare fiyus ya jefa shi a aljihu, ya gama da haɗarin, domin babu wata hanya da wuta za ta biyo. Da yawa daga cikin masu wayarin da suke aiki a unguwanninmu a kan wannan tsari suka koyi sana'a, kuma hannunsu ya saba da shi.

Kayan wutar ko-ta-kwana kuwa an ƙera su ne musamman domin su yi kishiyar abin da mai gyara yake so. Aikinsu shi ne su lura da ɗaukewar wutar gari su maye gurbinta nan take. Inbata ba ta iya bambanta ɗauke wutar da kamfani ya yi da kashe makunnin da mai gyara ya yi da gangan. A wurinta duk ɗaya ne: wuta ta tafi, lokacin aikinta ya yi. Saboda haka kashe babban makunni, wanda a da shi ne ƙarshen haɗari, yanzu shi ne umarnin da yake tayar da wata wutar.

Ƙanƙantar wutar da take kisa

Wutar da ake rabawa gidaje a Najeriya tana da ƙarfin bolt 230 a layi ɗaya, kusan 400 kuma tsakanin layi da layi a inda aka ja layuka uku. Abin da yake yi wa jiki illa shi ne yawan wutar da ta ratsa shi, wanda ake aunawa da amfiya, ko miliamfiya, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Mutum yana fara jin tsikari daga wajen miliamfiya 1. Idan ta haura 10, tsokar hannu tana iya ƙanƙamewa har mutum ya kasa sakin wayar. Daga wajen 50 zuwa sama, idan ta ratsa ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya cikin ɗan lokaci kaɗan. Don a gane ƙanƙantar wannan adadi, tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana jan kimanin miliamfiya 260.

Ma'anar wannan ita ce, babu janareta ko inbata da ta yi ƙanƙanta da kisa. Ƙaramin janaretan da mai shago yake ɗauka da hannu ɗaya yana fitar da bolt ɗin da wutar gari take fitarwa, kuma yana iya tura amfiya uku ko fiye. Haɗarin yana ƙaruwa a inda fata ta jiƙe, domin jiƙaƙƙiyar fata ba ta tare wuta kamar busasshiya. Masallaci kuwa wuri ne na ruwa da ƙafa ba takalmi: wurin alwala, gindin tanki, ɗakin famfo, da siminti mai laima.

Janareta da wutar da take komawa baya

Hanyar da ta dace a haɗa janareta da gini ita ce ta makunnin sauya layi, wanda yake da mazauni uku: wutar gari, tsakiya, da janareta. An ƙera shi yadda ba zai taɓa haɗa ɓangarorin biyu a lokaci guda ba. Inda aka ƙi sayensa, ko ya lalace aka tsallake shi da guntuwar waya, ko aka sa igiya mai filogi a kowane baki aka cusa janareta a soket, wutar janaretan ba ta tsayawa a cikin gini. Tana bin wayar da wutar gari ta saba shigowa ta cikinta, ta fita ta mita, ta hau falwaya.

A nan ne lamarin yake tsananta. Taransifoma tana aiki ta kowace fuska. Yadda take sauke bolt 11,000 zuwa ƙarfin da gidaje suke amfani da shi, haka take ɗaga abin da aka turo mata daga gida zuwa dubban bolt. Ma'aikacin kamfanin rarraba wuta, ko na KEDCO ne a Kano da Katsina da Jigawa, ko na kamfanin Kaduna da yake kula da Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, yana iya kasancewa a kan turke yana gyaran layin da ofishinsa ya tabbatar masa an kashe. Janaretan wani gini da bai taɓa gani ba shi zai raya layin a hannunsa. Sau da yawa nauyin gidajen maƙwabta yakan danne ƙaramin janareta ya mutu, amma idan wayar ta tsinke ne kusa da ginin, babu nauyin da zai danne shi, kuma ko da zai mutu, ɗan lokacin da ya yi yana tura wuta ya isa ya yi ɓarna. Idan kuma aka dawo da wutar gari alhali janaretan yana haɗe, sai su yi karo, injin ya ƙone, wani lokaci har da gobara.

Manyan masallatan Juma'a da dama suna da janareta mai tayar da kansa. Irin wannan yana jiran 'yan daƙiƙu ne kawai bayan wuta ta ɗauke sai ya tashi ya mayar da ginin kansa. Mai gyaran da ya kashe babban makunni ya ga fitilu sun mutu, kafin ya gama kwance murfin akwati wuta ta dawo. Kashe irin wannan janareta yana buƙatar a fitar da shi daga tsarin tayar da kai, a buɗe makunnin da yake fitar da wutarsa a kulle, sannan a cire kan batirin da yake tayar da shi.

Inbata: wutar da ba ta da ƙara

Janareta ko ba komai yana da ƙara da hayaƙi, kowa ya san ya tashi. Inbata shiru take aiki a lungu ko a ɗakin ladan, kuma tana karɓar nauyin gini cikin ƙasa da ƙiftawar ido, har fanka ba ta rage gudu. Akwai halaye uku nata da ya kamata kowane kwamiti ya sani.

Na farko, a galibin gine-gine wasu layuka ne kawai aka ɗora a kanta, kamar fitilu da lasifika da wasu fankoki, sauran kuma suna kan wutar gari. Sai ka tarar da wayoyin tushe biyu a cikin akwati ɗaya ko bututu ɗaya, launinsu iri ɗaya, rabi a mace rabi a raye. Mutuwar fankar da take sama ba hujja ba ce a kan soket ɗin da yake ƙasa.

Na biyu, inbata da yawa suna kashe kansu idan batir ya yi ƙasa, su kuma tashi da kansu idan ya samu caji. Mu ƙaddara mai gyara ya zo bayan sallar asuba, ya tarar batura sun ƙare cikin dare, masallaci duhu, ya gwada waya ya ga babu komai, ya fara aiki. Da hantsi ya ɗaga, farantan sola suka fara cika batir, inbata ta tashi ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Gwajin da ya yi gaskiya ne a lokacin da ya yi shi, amma bai kulle tushen ba.

Na uku, wasu suna da tsarin tsimin wuta, inda suke kwantawa idan babu abin da yake jan wuta, suna ɗan leƙa layin lokaci zuwa lokaci, su farka da cikakken ƙarfi da zarar an haɗa wani abu. Layin da yake cikin wannan hali yana iya ruɗar na'urar gwaji. Haka nan a cikin inbata akwai ma'ajin caji da ake kira kafasita, waɗanda suke riƙe wuta mai ƙarfi bayan an kashe komai. Shi ya sa masu ƙera su sukan rubuta a jikinsu cewa a jira wasu mintuna, galibi biyar, kafin a buɗe murfi.

Farantan sola da batura

Farantin sola ba shi da makunni. Muddin haske yana sauka a kansa, yana samar da wuta. Faranti ɗaya irin na zamani yana ba da wajen bolt 40 zuwa 50, amma ana jera su ne a haɗa ƙarfinsu, don haka jerin goma yana kaiwa bolt 400 zuwa 500. Kashe inbata ba ya taɓa wannan ko kaɗan. Wayar da ta sauko daga rufi tana nan a raye har rana ta faɗi.

Wutar faranti kuma miƙaƙƙiya ce, ba irin ta gari ba da take kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Wutar gari tana ratsa sifili sau 100 a kowace daƙiƙa, abin da yake taimakawa tartsatsi ya mutu idan an raba waya. Miƙaƙƙiyar wuta ba ta da wannan hutu, saboda haka idan aka zare mahaɗin faranti yana cikin aiki, tartsatsin yana iya miƙewa ya ci gaba da ci, ya ƙona hannu da fuska ko ya kama rufi. Dole ne ta samu makunni irin nata. Bireka ta wutar gari ba ta maye gurbinsa.

Batura masu bolt 24 ko 48 ba su cika jan mutum ba, amma haɗarinsu ta wata fuska yake. Sifana ɗaya da ta faɗa tsakanin kawunan batir tana iya jawo ɗaruruwan amfiya nan take, ƙarfe ya yi ja, zobe ko agogon hannu ya narke a jikin fata. Baturan ruwa kuma suna fitar da iskar haidirojin lokacin caji, wadda tartsatsi kaɗan yake tayar da ita a ɗakin da ba shi da iska. Ya kamata kuma a sani cewa wasu sababbin baturan litiyam ana jera su har su kai ɗaruruwan bolt, kuma waɗannan suna kisa kai tsaye.

Wutar maƙwabci

Akwai ƙofa ta ƙarshe da aka fi mantawa da ita. Masallaci yakan ba gidan liman layi, ya ba makarantar Islamiyya, ya ba shagunan waƙafi da suke jikin katanga. Wayar da ta kai wuta can tana iya dawo da ita. Ranar da ɗan haya ya cusa janaretansa a soket ɗin shagonsa, wayoyin masallaci sun rayu, ko da an kashe duk abin da yake cikin harabar. Haka kuma idan makunnin sauya layi yana yanke waya mai wuta kaɗai ya bar ta nutural a haɗe, ko aka aro nutural daga wani layi domin tsimin waya, wayar da kowa ya ɗauka ba ta da illa tana iya ɗaukar wuta daga ɗaya tushen.

Matakan raba waya da wuta

Ƙa'idar da ma'aikatan lantarki suke bi a ƙasashe da yawa ba ta da tsawo, kuma ba sai mutum ya zama injiniya zai iya lura ko an bi ta ba.

Da farko a ƙirga duk tushen wutar da ginin yake da shi: wutar gari, janareta, inbata, batura, faranti, da kowane layi da ya fita zuwa wani gini. Sannan a raba kowanne da makunninsa, bisa jerin da mai ƙera kayan ya tsara. Bayan haka a kulle kowane makunni da kwaɗo, makullin ya zauna a aljihun wanda hannunsa yake cikin wayar, a rataya takarda mai sunansa da gargaɗin kada a kunna. Faɗa wa ladan da baki bai wadatar ba, domin ladan yana iya fita, na'ibinsa ya shigo lokacin azahar ya ga babu wutar kiran salla ya tayar da janareta da kyakkyawar niyya.

Daga nan sai gwaji, kuma a daidai wurin da za a sa hannu. Ana gwada na'urar a kan tushen da aka san yana da wuta, a gwada wayar da za a yi aiki a kanta tsakanin kowace waya da 'yar'uwarta da kuma ƙasa, sannan a koma a sake gwada na'urar don tabbatar ba ta lalace a tsakani ba. Sukundireba mai ɗan haske da aka saba da ita ba abin dogaro ba ce: haskenta ba ya ganuwa sosai a rana, kuma aikinta ya dogara ne da yadda mai riƙe da ita yake tsaye. Na'urar da take kama da biro, mai ƙara idan an kusanta ta da waya, ba ta jin miƙaƙƙiyar wutar faranti sam. Abin da ake buƙata shi ne na'ura mai baki biyu da take auna nau'in wutar biyu. A manyan layuka kuma ana ɗaure wayoyin da ƙasa kafin a fara, yadda ko wuta ta dawo za ta bi can. A ƙarshe a rufe duk wani sashe na kusa da ba a iya kashewa ba. Idan aka tashi daga aiki, ko don salla ko don abinci, a sake gwaji kafin a ci gaba.

Abin da muke nema daga kwamitoci

Muna roƙon kowane kwamiti ya sa a zana taswirar wutar masallacinsa a takarda ɗaya, a manna ta kusa da akwatin rarraba wuta, da jerin yadda ake kashe komai a rubuce da Hausa. A liƙa gargaɗi a jikin mita da kowane akwati cewa wannan gini yana da tushen wuta fiye da ɗaya. A naɗa mutum ɗaya cikin kwamiti wanda babu aikin wutar da za a fara sai da saninsa. A binciki shagunan haya da gidajen da aka ba layi, a kuma sa sharaɗi a takardar haya cewa ba a haɗa janareta da soket.

A wajen zaɓen ma'aikaci, a nemi mai takardar shaida. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ce take duba ingancin kayan lantarki da aka girka a Najeriya, tana kuma ba masu wannan sana'a shaidar ƙwarewa. Ɗan unguwa da ya zo taimakawa don neman lada abin girmamawa ne, amma girmama shi ya haɗa da kada a bar shi ya buɗe akwatin da bai san tushensa ba. Muna kuma jan hankali game da gaggawar kwanakin da suke gab da azumi, lokacin da ake son ƙara fankoki da fitilu kafin tarawihi. Aikin da aka tsara tun watan Rajab ba ya tilasta wa kowa taɓa waya mai rai.

Abin da muke nema daga masu bayarwa

Mai bayarwa yakan so kuɗinsa su tafi ga abin da ido yake gani, wato faranti da batir da injin. Makunnin sauya layi mai yanke har da nutural, makunnin faranti, fiyus a kusa da batir, wayar ƙasa, na'urar da take yanke wuta idan miliamfiya 30 ta zurare, kwaɗo da takardar gargaɗi, duk waɗannan ba sa fitowa a hoton bikin miƙa kaya. Su ne kuma ake fara zaftarewa idan kuɗi sun gaza, alhali farashinsu kaɗan ne idan aka gwada da na batura. Malaman fiƙihu sun daɗe da gabatar da gyara da kiyaye dukiyar waƙafi a kan sauran abin da ake kashewa daga amfaninta, domin ɗorewar asalin ita ce ɗorewar ladan. Muna ganin kayan kariya suna cikin wannan babi. Saboda haka muke roƙon duk wanda zai ba da kayan wuta ya sa kuɗin kariyarsu da na duba su duk shekara a cikin lissafinsa tun farko. Wanda kuma ƙarfinsa bai kai na sola ba, yana iya ɗaukar nauyin gyara haɗin janaretan masallacin unguwarsu.

Idan tsautsayi ya auku

Kada a taɓa wanda wuta ta kama da hannu. A kashe tushen idan an san shi, kuma a nan ne taswirar da take bango take biyan kuɗinta. Idan wutar cikin gini ce kuma ba a iya kashewa ba, a ture shi da busasshen katako ana tsaye a busasshen wuri. Idan babban layin falwaya ne, kada kowa ya matsa, a kira kamfanin wuta. A kira lambar agajin gaggawa 112. Idan ba ya numfashi, a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti har taimako ya iso. Ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, domin illar wuta ga zuciya da naman ciki ba kullum take bayyana nan take ba.

Muna fatan kowane kwamiti zai karanta wannan sashe a zamansa na gaba, sannan 'yan kwamitin su tashi tare su zagaya masallacin, su ƙirga ƙofofin da wuta take shigowa ta cikinsu, su duba ko kowace tana da makunni da wurin rataya kwaɗo. Inda aka samu wadda ba ta da shi, a rubuto mana kafin a sake kiran mai gyara.